Dabbar Da Nononta Ke Ƙara Kauri Kullum Alhali Ba Ta Ci Ba Ta Sha

A bakin tekun Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai wata ƙatuwar dabbar ruwa da ke fitowa tudu tsakanin Disamba da Fabrairu domin ta haihu. Sunanta sil. Wanda ya taɓa ganin ayu a kogin Binuwai zai iya ƙiyasta siffarta, ko da yake ba dangi ba ne, kuma ita kifi take ci, ba ciyawa ba. Irin wadda ke zuwa wannan gaɓa ana ce mata sil-giwa, saboda dogon hancin namijin.

Tun daga ranar da uwar ta haihu har ta yaye ɗanta, watau wajen kwana 28, ba ta ci ba ta sha. Duk nonon da ɗan zai tsotsa daga kitsen jikinta yake fitowa. A shekarar 1979 wasu masana biyu, Marianne Riedman da Charles Ortiz, suka buga sakamakon awon da suka yi wa nonon. Sun tarar cewa a ranakun farko kashi 75 cikin 100 ruwa ne, maiƙo kuwa kashi 15 kacal. Kafin mako uku ya cika ruwan ya sauka zuwa kashi 35, maiƙon ya haura zuwa kashi 55. Don mai karatu ya gane, nonon saniya maiƙonsa bai wuce kashi 4 ba.

To, me ya kawo wannan canji? Matsalar uwar ita ce ƙishirwa. Ruwan da take samu shi ne wanda jikinta ke samarwa yayin da yake ƙona kitse, kuma kowace tsotsa tana rage shi. Jaririn kuwa da farko yana bukatar nono mai ruwa, domin bai tara kitsen da zai riƙa samun nasa ruwan daga gare shi ba. Da ya fara ƙiba sai uwar ta riƙe ruwanta, ta riƙa ɗura masa maiƙo. Haka kuma sukarin nono, wanda ya kai kashi 7 a nonon mutum, kusan babu shi a nata, gama shi ne ke jawo ruwa cikin hantsa. A ganinmu babu ma'ajin da ya fi wannan uwa iya tattali.

Ɗan da aka haifa da nauyin kilo 40 yakan kai kilo 130 ranar yaye, ita kuwa ta zubar da kimanin kashi 40 na nauyinta. Sai ta koma teku ta bar shi, ya yi wata biyu ko fiye yana rayuwa da wannan kitse kafin ya iya farauta.

Can arewa, kusa da Girinlan da gabashin Kanada, akwai 'yar'uwarta, sil mai hula, wadda ke haihuwa cikin Maris a kan ƙanƙarar da ke yawo bisa teku. Ita ba ta da lokacin ƙara maiƙo sannu a hankali, domin ƙanƙarar tana iya tsagewa kowane lokaci. Nononta yana da maiƙo wajen kashi 60, ɗan yana ƙara kilo 7 kullum, kwana 4 ta yaye shi. Babu dabba mai shayarwa da ta kai ta sauri. Amma ɗumamar yanayi tana rage ƙanƙarar, kuma tun 2008 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin dabbobin da ke fuskantar haɗarin ƙarewa.