Kututture Bai Mutu Ba

Karatu: Ayuba 14:7-9

Duk mai bin hanyar Suleja zuwa Minna ta mahaɗar Diko yakan ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Tun da Abuja ta zama babban birnin ƙasa a 1991, masu neman gawayi sai ƙaruwa suke yi. Gatari kuwa ya fi faɗa wa kaɗanya, gama gawayinta yana daɗewa a murhu.

Bari mu yi lissafi. Kaɗanya takan yi kusan shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya. Daga nan kowace damina iyayenmu mata suna tsince su, su yi man kaɗanya na girki da na sayarwa, su biya kuɗin makarantar yara. Saiwoyinta kuma suna riƙe ƙasar gona kada ruwa ya kwashe ta. Kuɗin gawayi kuwa mako guda ya ƙare. A Kubawar Shari'a 20:19 Ubangiji ya hana Isra'ilawa sare itatuwa masu ba da abinci ko a lokacin yaƙi, balle mu da muke zaman lafiya a gonakinmu.

To, waɗanda aka riga aka sare fa? Ayuba ya lura cewa itacen da aka sare yakan sake toho idan ya sami ruwa. An ga haka a Maradi ta Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama bai kai namu ba. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya gane cewa tsiron da manoma ke sassabewa kututturen itatuwa ne masu rai a ƙasa. Manoma suka fara barin rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su kare su daga wuta da dabbobi. Suna kiran wannan sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar ta wannan hanya.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mu sa wa gona wuta bana, mu zaga mu duba kututture. Mu bar kaɗanya da ɗorawa a tsaye. Da saukar ruwa, kowane gida ya dasa mangwaro ko kashu, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Ya Ubangiji, ka sa mu riƙe amanar ƙasar da ka ba mu, domin 'ya'yanmu su ci albarkarta. Amin.