Yadda Ruwan Tsakiyar Teku Yake Samuwa

A wannan ɗan rubutu ina so in jawo hankalin 'yan uwana ɗalibai kan wani abu da ido ba ya gani. Ruwan teku hawa-hawa yake. Akwai na sama da rana take dukansa, akwai na can ƙasa mai tsananin sanyi, sannan akwai na tsakiya, wanda a kansa zan tsaya.

Abin da yake tsara waɗannan hawa shi ne nauyi. Sanyi da gishiri su ke ƙara wa ruwa nauyi, mai nauyi kuwa ƙasa yake yi.

Bari in ba da misali da gabashin tsibirin Honshu na ƙasar Japan, inda manyan magudanan ruwa biyu suke haɗuwa a cikin Tekun Fasifik. Kuroshio yana tahowa daga kudu da ɗumi da gishiri mai yawa. Oyashio kuma yana gangarowa daga arewa da sanyi da ƙarancin gishiri, ɗauke da ruwan Tekun Okotsk. A can Okotsk, idan teku ya daskare da hunturu, ƙanƙara takan fitar da gishirinta, sai ruwan da ke ƙarƙashinta ya yi nauyi ya nutse.

Abin mamakin shi ne, idan ruwa mai ɗumi da gishiri ya gauraya da mai sanyi wanda nauyinsu ɗaya, gaurayen yakan fi kowannensu nauyi. Saboda haka sai ya nutse, amma bai kai nauyin na can ƙasa ba. Sai ya tsaya tsakanin zurfin mita 300 zuwa 800, ya bazu a arewacin Fasifik. Masana suna gane shi ne ta ƙarancin gishirinsa.

Mu ma Tekun Atlantika bai rasa irin wannan ba. Ruwan da ya nutse a kewayen Antaktika yana tafiya arewa a zurfin kimanin mita 800, har ya ratsa ƙarƙashin tekun da ke gaban Legas.

Me ya sa zancen ya shafe mu? Wannan ruwa shi ke kai iskar oksijin ga halittun da ke nesa da sama, yana kuma tafiya da wani kaso na iskar kabon da injinanmu suke fitarwa, ya ɓoye ta shekaru masu yawa. To, ƙanƙarar Okotsk tana raguwa saboda ɗumamar yanayi, ruwan tsakiyar can kuma ya fara ɗumi. Idan nutsewar ta yi rauni, oksijin ya ragu a ƙasa, kabon kuma ya ƙara zama a sama tare da mu.