Mene ne "bronchite" da likita ya rubuta a katinka?

Mutane da yawa suna komawa gida da wannan kalma a katin asibiti, hankali a tashe, suna zaton tarin fuka ne aka ɓoye musu. Ba shi ba ne.

Kalmar Faransanci ce, ana faɗinta "buronshit", kuma gaɓa biyu gare ta. "Bronche" shi ne bututun iska. Maƙogwaronka yana sauka cikin ƙirji ya rabu biyu, ɗaya ya shiga huhun dama, ɗaya na hagu, kowanne ya yi ta rassa kamar itace. "Ite" kuwa kumburi take nufi. Ita ce a ƙarshen "méningite", wato sanƙarau. Ke nan likita cewa ya yi bututun iskarka sun kumbura. Idan sun kumbura sai su tara majina, jiki kuma ya yi ta tari don ya fitar da ita.

Yawanci mura ce take sauka ƙirji, hayaƙin murhu da taba da ƙurar hunturu su ƙara mata ƙarfi. Irin ƙwayar cutar da ke kawo mura ba ta jin kafso. Saboda haka in likita ya sallame ka ba allura ba amoxicillin, kada ka ce rowa ya yi maka, kada kuma ka biya wurin mai tallar magani a kasuwa. Asarar kuɗi ce, kuma ranar da kake bukatar maganin da gaske yana iya ƙin aiki. Sha ruwa da yawa, ka nisanci hayaƙi. Zuma a ruwan ɗumi tana sassauta tari, amma ban da jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Tarin yakan ɗauki kwanaki kafin ya tafi. Duk da haka, in ya wuce sati 2, ko kana ramewa, kana gumin dare, ko ka ga jini a kaki, dawo mu gwada kakin. Gwaji ne kaɗai zai raba shi da tarin fuka.

Ke kuma uwa, ɗaga rigar yaronki ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska. Ko ya kasa shan nono: wataƙila ciwon ya kai cikin huhu. Kada ki jira gari ya waye, kawo shi yanzu.