Yadda raba gaɓa ke sauya ma'ana a harshen Holanci

Wani babban abin da ke ɗaure wa masu koyon Holanci kai shi ne yadda ake haɗa sunaye biyu ko fiye su zama kalma guda, ba tare da tazara ba. Fiye da mutane miliyan 20 ne ke magana da harshen a Holan da arewacin Beljiyam da Suriname.

Al'amarin na da muhimmanci ga baƙi, domin tun shekarar 2007 dokar Holan ta wajabta wa da yawa daga cikinsu cin jarrabawar harshe.

Inda Bahaushe zai ce ƙofar gida, ɗan Holan kan fara da gidan ne, ya ce huisdeur, wato huis, gida, da deur, ƙofa. Kalmar ƙarshe ce ke ɗauke da ainihin ma'ana, amma galibi a kan ta farko ake ƙarfafa murya.

Ƙa'idar ita ce a fara yanka kalma a mahaɗarta, kafin a shiga raba sauran gaɓoɓin. Matsala na tasowa ne idan mahaɗar ba ta fito fili ba.

Alal misali, kalmar massagebed. In an karanta ta massa-gebed, tana nufin addu'ar taron jama'a, kuma harafin g kan fito daga maƙogwaro, kusa da harafin kha na Larabci. In kuwa an karanta massage-bed, to ta koma gadon tausa, lafazin harafin kuma ya koma na Faransanci. Haka nan valkuil: val-kuil ramin tarko ne, valk-uil kuwa wani nau'in mujiya.

Saboda haka ne ake sa ɗan layi idan wasula suka ci karo, kamar auto-ongeluk, wato hatsarin mota.

Su kansu 'yan ƙasar ba su tsira ba. A shekarar 1995 hukumar Taalunie, wadda Holan da Beljiyam suka kafa a 1980, ta sauya ƙa'idar harafin n da ke shiga tsakanin kalmomi, har sunan wata wainar fulawa, pannekoek, ya koma pannenkoek, ko da yake yawancin jama'a ba sa furta harafin. Gyaran da ya biyo baya a 2005 ya sa wasu manyan jaridu, ciki har da de Volkskrant, suka ƙi bin sabon tsarin.

Ga mai koyo dai, mafita ita ce ya fara gano ƙananan kalmomin da ke cikin babbar, kafin ya buɗe baki.