Makarantun jarida da sinima: yaya ake auna basira da iya tsari?

Duk shekara, idan ƙarshen karatu ya matso, ɗalibban aikin jarida da sinima na ƙasar Nijar sukan bazu cikin unguwanni da kamara da mikro, don haɗa ɗan fim ko shirin rediyon da za su gabatar gaban malamai. A Yamai, makarantar da aka buɗe a 1977 da sunan CFTI, kafin ta samu sunan IFTIC a 1989, ita ce uwa a wannan fage. Tambayarmu a nan ita ce: ta yaya malami zai auna basirar ɗalibi da iya tsarinsa, ya maida su maki bisa 20, ba tare da ya tauye kowa ba?

Idan aka tsaya ga abin da aka gani a allo kaɗai, akwai haɗari biyu. Na farko, ɗan mai hali da ya samu kamara mai tsada zai kawo hoto tsaf, a ɗauka basira ce, alhali kuɗi ne suka yi aiki. Na biyu, yawancin ayyukan na rukuni ne: a haɗa mutum 5, biyu su sha rana, sauran su raba maki da su.

Shi ya sa muke ganin wajibi ne a duba kundin shiri kafin a kalli fim. Cikinsa akwai taƙaitaccen labari, sunayen waɗanda za a yi hira da su da yardarsu, ziyarar wuri kafin ɗauka, izinin hukuma ko na mai gari, jadawalin kwanaki da lissafin jika nawa za a kashe. Ɗalibin da ya yi la'akari da ranar kasuwa, da lokutan salla, da zafin watan Afrilu, da ɗaukewar wuta ranar montaji, ya nuna ya san aiki. Tun ran gini ran zane.

Ita ma basira ana iya gane sawunta. Tana cikin zaɓin labari, da kusurwar da aka ɓullo masa, da dabarar da aka yi lokacin da kayan aiki suka gaza. Tarihin sinimarmu shaida ne. A 1966, Mustafa Alasan ya zana kwaɗi ya yi fim ɗin Bon voyage Sim, inda ya yi wa tafiye-tafiyen shugabanni shaguɓe da kaya ƴan kaɗan. A 1972, Umaru Ganda ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a Wagadugu da Le Wazzou polygame. Aisha Maki, ƴar Damagaram da ta bi ta IFTIC, ta taɓo maganar rashin haihuwa, wadda ake jin nauyin faɗa, cikin L'Arbre sans fruit na 2016.

Shawararmu ga malamai ita ce a raba makin: 8 ga kundin shiri, 8 ga basira, 4 ga tsabtar hoto da sauti. Kowane ɗalibi ya riƙe littafin da zai rubuta abin da shi kansa ya yi kullum, sannan ya zauna minti 10 gaban malamai ya kare zaɓinsa. Kuma a sanar da wannan ma'auni tun ranar da aka ba da aiki, don kowa ya san inda ya dosa.

Gobe waɗannan matasa ne za su riƙe gidajen rediyo da telebijin na Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, inda labarai ke da sa'arsu, kuɗin aiki kuma ƙididdigagge ne. Makarantar da ta sallame su da basira babu tsari, ko tsari babu basira, ta bar masu saurare da rabin ma'aikaci.