Ko Ka Sani? Ba Kowace Na'ura Ke Jin Yaren Tsohuwar Mota Ba

Ko ka san na'urar da kanikawa ke jona wa mota don gano cutarta, wadda direbobi ke kira kwamfuta, tana iya tsayawa shiru a gaban tsohuwar a-kori-kura ko gingimari, alhali lafiyar na'urar lau? Duk bakaniken Ƙofar Marusa a Katsina da ke shirin sayen irinta, ya fara duba shekarar motocin da ake kawo masa da ƙasar da aka ƙera su dominta.

Ga dalili. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci da a-kori-kura tsari guda mai suna OBD-II: soket mai ramuka 16 kusa da sitiyari, da lambobin cuta iri ɗaya. Turai ta biyo baya a 2001 ga masu shan fetur, masu shan gas kuma wajen 2004. Saboda haka motar kwatano ƙirar 1998 da aka yi don Amurka za ta amsa, takwararta ta Turai kuwa babu tabbas.

Kafin wannan doka, kowane kamfani da yarensa. Tsofaffin Toyota, har da wasu Hilux, suna da ɗan akwati kusa da inji. In aka haɗa ramukan TE1 da E1 na cikinsa da guntun waya, aka murɗa makulli, fitilar inji za ta riƙa ƙiftawa, sai a ƙirga a san lambar. Ko sisi ba a kashe ba. Ita kuwa Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, da tsohuwar Marsandi 911, ba su da ƙwaƙwalwar da za a tambaya. Kunnen gwani da sifana su ne maganinsu.

Manyan motoci kuma duniyarsu daban. Irin su tsofaffin Mack na Amurka soket ɗinsu zagayayye ne: mai ƙafa 6 na tsohon tsarin J1708, mai ƙafa 9 na J1939. MAN da Iveco da Marsandi na da can kowanne da irin nasa bakin. Sannan ga maganar wuta: a-kori-kura bolt 12 take amfani da shi, tirelolin Turai kuwa 24. Ƙaramar na'urar ELM327 mai araha da ake haɗawa da wayar hannu don 12 aka yi ta, in aka cusa ta a DAF tana iya ƙonewa nan take.

Don haka kafin ka biya kuɗi, leƙa soket ɗin motar ka ƙirga ramukansa. Tambayi mai sayarwa ko na'urar na ɗaukar bolt 24, ko ta zo da kawunan haɗi, ko kuma tana nuna aikin inji yayin da yake kunne. In da hali, a gwada ta a jikin motar a gabanka.

Abu na ƙarshe, lamba ba hukunci ba ce. P0300 cewa kawai take inji na tsallake wuta. Ko fulogi ne, ko nozul, ko gurɓataccen mai, ko wayar da zafi da ƙurar Katsina suka cinye, bakanike ne zai tantance. Goge lamba ba tare da gyara ba yaudarar mai mota ce, kuma a kan hanyar Jibiya ko ta Kano cutar za ta dawo, da kaya a baya.