Dashen manhaja daga wata babbar manhaja zuwa wata: misalin CHIRP

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida muna son mu yi bayani a kan abin da Faransawa ke kira portage, wato ɗaukar manhajar da aka rubuta domin wata babbar manhaja, kamar Windows, a gyara ta yadda za ta yi aiki a kan wata, kamar Linux ko macOS. Mun zaɓi kalmar «dashe» saboda aikin ya yi kama da na mai lambu: shuka ba ta sake ba, amma ƙasar da saiwarta za ta kama ta sake. Misalin da za mu yi aiki da shi shi ne CHIRP, manhajar da masu sha'awar rediyo (radioamateurs) ke amfani da ita wajen shirya rediyoyinsu.

2. Aikin manhajar

Rediyon hannu irin Baofeng UV-5R yana riƙe da tashoshi 128. Kowace tasha tana da mitar karɓa, da mitar aikawa, da suna. Shigar da waɗannan bayanai da maɓallan rediyo aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ake haɗa rediyon da kwamfuta ta waya, a kwafo ƙwaƙwalwarsa, a gyara, a mayar. Sai dai manhajojin da kamfanoni ke bayarwa galibi na Windows ne kawai, kuma kowane samfuri da tasa. Wanda ba ya da Windows, ko wanda kamfani ya daina sabunta manhajar rediyonsa, sai ya wayi gari da na'ura mai lafiya amma ba ya iya shirya ta. Domin maganin wannan ne Dan Smith, wani Ba'amurke, ya soma rubuta CHIRP a 2008 da harshen Python, ya kuma bar rubutun a buɗe ga kowa.

3. Wuraren da dashe ke cijewa

Muna iya kasa matsalolin gida uku.

Na farko, ƙofar da waya ke shiga. Windows na kiran ta COM3 ko COM4, Linux na kiran ta /dev/ttyUSB0, macOS kuma da wani suna mai farawa da /dev/cu. CHIRP ba ta magana da ƙofar kai tsaye. Tana bi ta wani tafinta mai suna pySerial, wanda ya san ladabin kowace babbar manhaja. Duk da haka wayar kanta tana ɗauke da ƙaramin guntu na kamfanin Prolific, ko FTDI, ko Silicon Labs, kuma kowane yana bukatar direbansa. A Linux irin Debian da Ubuntu, dole mai aiki ya kasance cikin rukunin dialout kafin a ba shi izinin buɗe ƙofar.

Na biyu, fuskar manhaja: tagogi, da jadawali, da maɓallai. Kowace babbar manhaja da yadda take zana su. CHIRP ta farko ta dogara da PyGTK, wanda ke tafiya da Python 2.

Na uku, kuma shi ya fi jan hankalinmu, bambanci tsakanin lamba da harafi. Abin da rediyo ke aikowa jerin bayit ne, wato lambobi daga 0 zuwa 255. A cikin UV-5R mitar 145,500 MHz tana ajiye cikin bayit huɗu, na ƙarshe a gaba: 00 00 55 14. Python 2 yana barin mai rubutu ya haɗa bayit da haruffa ba tare da ya tantance ba, Python 3 kuwa ya raba su sarai. Ke nan duk layin da ya ɗauki lamba a matsayin harafi sai an sake duba shi, domin kuskuren bayit guda yana iya sa rediyo aikawa a mitar da lasisi bai ba shi ba.

4. Dashen da ya zama dole

An daina kula da Python 2 ran 1 ga Janairu 2020, kuma Ubuntu 20.04 ta fito ba tare da PyGTK ba. Daga nan girka CHIRP a kan sabuwar Linux ya zama wahala. Masu aikin suka sake gina fuskar da wxPython, suka mayar da rubutun kan Python 3, aka fitar da sakamakon da sunan CHIRP-next a wajajen farkon 2023. Abin da ya fi ja musu lokaci shi ne direbobin rediyoyi masu yawa, tun da ba a tabbatar da ingancin direba sai an jarraba shi da rediyon gaske, kuma ba mutum ɗaya da ya mallake su duka.

Ya kamata mu lura cewa dashe bai sake iyakar na'urar ba. Python 3 ya san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, tun da suna cikin Unicode, amma sunan tasha a UV-5R bai wuce haruffa 7 ba, daga cikin ƴan haruffan da allonsa ya sani. Wanda ya so ya rubuta «Ƙonni» sai ya haƙura da KONNI.

5. Kammalawa

Abin da muka gani shi ne, dashe yana sauƙi gwargwadon yadda aka raba zuciyar manhaja, wato sanin ƙwaƙwalwar rediyo, da sassan da ke taɓa babbar manhaja. Inda aka cakuɗa su, dashe kan koma sabon rubutu. Wannan darasi ya shafe mu mu ma, da muke ajiye ƙamus da matanin bincike cikin manhajojin da ba mu da iko da rubutunsu: ya dace tun yau mu riƙa adana kwafi cikin sigar da kowace kwamfuta ke iya karantawa.